Waiwaye: Yadda rashin kuɗi ya haifi ƙwaƙwalwar wayar da ke aljihunmu

A ƙauyenmu da ke gefen Ringim, babu inda ya kai rumfar mai caji cika bayan magariba. Katako ne aka jera wa soket, janareta na kuka a bayan zana, kowace waya da lambarta. Ran nan wani dattijo ya miƙa 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, ya ce wa yaron: "Ɗan nan, tawa sai wani satin kuma, amma ta jikana kullum tana wajenka. Me ya sa?" Yaron ya ce, "Baba, batir ne." Batir na da nasa, allon waya ma yana shan wuta sosai. Amma akwai wani ɓangaren amsar a cikin furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yi wa waya lissafi, wadda ba ta wuce farcen yatsa ba. Da tsimin wutarta aka yi shekaru ana fama.

Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a Amurka a 1946 tana shan kilowat 150. Wato ko ka haɗa ƙananan janaretoci ɗari irin na masu aski ba za su ɗauke ta ba. Taransista, wato ɗan mitsitsin makunnin lantarki, ta zo a 1947 ta rage nauyin, sannan a 1959 wani Bamisire haifaffen Port Said, Mohamed Atalla, shi da abokin aikinsa Dawon Kahng, suka ƙera irin taransistar da har yau ita ce tubalin kowace furosesa. A 1963 aka fito da tsarin CMOS, wanda kusan ba ya jan wuta sai lokacin da taransista ke sauya hali. Duk da haka, manyan kamfanoni gudu suka sa a gaba. Kwamfutar ofis a bango take jone, wa ya damu da abin da take sha?

Mutumin da nake so mu tsaya a kansa shi ne Steve Furber, haifaffen Manchesta a 1953. Ba ma lantarki ya karanta ba. Digirinsa na uku a Jami'ar Kambirij kan yadda iska ke motsi ne. Kwamfuta abin sha'awa ce gare shi, har ta kai shi wani ƙaramin kamfani mai suna Acorn, inda shi da Sophie Wilson suka yi aikin kwamfutar BBC Micro ta 1981. Da suka nemi furosesa ta gaba, babu wadda ta gamshe su a kasuwa. Sai suka ci karo da takardun binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, inda David Patterson da ɗalibansa suka nuna cewa furosesa mai 'yan umarni kaɗan masu sauƙi tana iya tsere wa mai tarin umarni. Suka ce su ma za su gwada.

A nan labarin ya fi taɓa ni. Maigidansu Hermann Hauser ya sha faɗa daga baya cewa abu biyu ya ba su waɗanda manyan kamfanoni ba su ba nasu injiniyoyin ba: bai ba su kuɗi ba, bai ba su ma'aikata ba. Dole suka sauƙaƙa komai. Ba su da halin sa furosesar a mazubin tangaran mai jure zafi, sai na roba mai araha, shi kuwa roba ba ya son wutar da ta wuce wat 1. Kayan aunawarsu ba su da inganci, don haka suka yi ta ragewa gudun kada su zarce. A ranar 26 ga Afrilun 1985 aka kunna furosesarsu ta farko mai suna ARM, mai taransista kusan 25,000, a shekarar da kamfanin Intel ya fitar da tasa furosesar, 386, mai 275,000. Da Furber ya zo auna abin da take sha, allurar ba ta motsa ba. Ashe wayar da ke kai mata wuta ba ta haɗu ba, da ɗan abin da ke yoyowa daga sauran kayan lantarkin da ke maƙwabtaka da ita take aiki. Kusan kashi ɗaya cikin goma na wat 1 ne abincinta. Wanda ya girma a gidan da ake auna hatsi da gwangwani a watan bazara ya san wannan irin hikimar.

A 1990 aka kafa ARM a matsayin kamfani mai zaman kansa da hannun Apple, daga baya Nokia ta sa ƙirarsu a wayarta 6110 ta 1997. Lokacin da GSM ta iso Najeriya a 2001, gadon nan ne ya shigo mana cikin wayoyi. Kusan duk wayar da ke kan katakon mai caji a yau, tsatsonta daga can yake.

Shi Furber bai bi kasuwar ba. A 1990 ɗin ya koma Jami'ar Manchesta a matsayin farfesa, ya tunkari abin da ya ga yana ɓarnar wuta: agogon cikin furosesa. Kamar makaɗin gayya yake, yana kiɗa ga kowa a lokaci ɗaya, mai kunya a gabansa da wanda ya gama duk sai sun ɗaga fartanya. Ya gina jerin furosesa masu suna AMULET da babu makaɗi, kowane sashe sai an miƙo masa aiki yake motsawa, kamar masu miƙon kwanon ƙasa wajen gini. Ba su mamaye kasuwa ba, kuma ban ga wannan a matsayin faɗuwa ba. Aikin jami'a ke nan, ta bi hanyar da ɗan kasuwa ke tsoro.

Manyan ma zafi ya tsayar da su. A 2004 Intel ta soke shirin furosesarta mai gudun gigahaz 4, aka koma haɗa ƙwaƙwale da yawa masu matsakaicin gudu. Furber ya ɗauki wannan tunani har ƙarshensa da injin SpiNNaker, wanda a 2018 ya cika ƙwaƙwalen ARM miliyan 1 don kwaikwayon ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ita wannan da Allah Ya halitta, kimanin wat 20 ke isar ta.

Ƙanena yana karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, kuma na ba shi wannan tarihin saboda shi ma a rumfar nan yake cajin laftof ɗinsa idan ya zo hutu. Ya ce, "Yaya, mu ai ba mu da masana'antar ƙera furosesa." Na ce masa Acorn ma ba ta da ita: zanen kawai suka yi a Kambirij, wani kamfani a Amurka, VLSI, ya ƙera musu.