Me ake nufi da "ba netwok" a bakin ɗan kasuwa?

A Gusau yanzu, daga Tudun Wada har Sabon Gari, da wuya ka wuni kana sayayya ba ka ji an ce "ba netwok" ba. Mai POS yana faɗa, mai kantin magani yana faɗa, mai hatsi a kasuwa ma yana faɗa idan alat ya ƙi shigowa. Maganar guda ce, amma matsalolin da ake rufewa da ita suna da yawa, kuma kowace da maganinta. A ganina, abin da ya raba wanda ya yi asarar cinikin rabin yini da wanda ya koma aiki nan da nan shi ne gane inda abin ya tsinke.

Idan aka sa kati a na'urar POS, saƙo yana fita ta sim ɗin da ke cikinta zuwa turken kamfanin waya, daga nan ya isa kamfanin da ya ba da na'urar, irin su Moniepoint ko OPay ko wani banki. Shi kuma ya miƙa shi ga masu haɗa bankuna, kamar NIBSS da Interswitch, su kai shi bankin mai katin. Bankin ya duba asusu ya amsa, amsar ta biyo hanya ta dawo. Kamar guga ce da aka ƙulla wa igiyoyi da dama: ko wane ƙulli ne ya kwance, ruwa ba zai iso bakin rijiya ba. Mu kuma duk sai mu kira shi netwok.

Mafi sauƙi shi ne idan layin waya ne. Ka duba sandunan sabis, ka gwada aika saƙo a WhatsApp da waya mai irin wannan layin. In bai tafi ba, sauya sim, ko ka jona na'urar da datar wata waya. Shi ya sa masu POS da suka ƙware ba sa dogara da layi ɗaya. Wani lokacin ma na'urar ce kawai ta sandare, a kashe a kunna ta wuce. Wani lokacin kuma caji ne ya ƙare saboda an jima ba a kawo wuta ba, abin da ƙaramin sola ke magancewa.

Idan kuwa katin wani banki yana wucewa, na mutum ɗaya ne ya ƙi, to ba daga wurinka ba ne. Sau da yawa za ka ga lamba 91 a risit, alamar bankin mai katin ko masu haɗa bankuna ba su amsa ba. A nan sauya sim ɓata lokaci ne. Ka ce masa, "Alhaji, bankinku ne bai amsa ba, ko akwai wani katin?" Ko ya gwada tiransifa ta lambobin da ba sa buƙatar data, kamar *894# na First Bank, *919# na UBA, *737# na GTBank. Masu ƙarfi suna ajiye na'ura biyu ta kamfanoni daban-daban. Wanda jarinsa bai kai ba yakan yi yarjejeniya da maƙwabcin shago, a cire a tasa, da yamma a yi lissafi. Wannan zumuncin kasuwa ya fi kowace na'ura ceto.

Akwai ranakun da ba dabarar da ke aiki. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da yawa a Najeriya suka tsaya cak. Mu a Zamfara mun ga wanda ya fi wannan a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. A irin haka, tsabar kuɗi da littafin bashi ne suke riƙe shago.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne cinikin da ya maƙale a tsakiya: an cire kuɗi daga asusun mai saye, na'ura kuma ta ce bai yi ba. Nan ne ake samun cacar baki, har mutanen da suka daɗe suna mutunci su rabu dutse a hannun riga. Abin da ya faru shi ne saƙo ya isa banki an cire, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Kuɗin ba su shiga hannun mai POS ba, kuma banki ne zai mayar da su, abin da ake kira ribasal. Tun Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cewa a warware irin wannan na POS cikin awa 72.

To kada a yi ta sake sa katin, don ana iya cirewa sau biyu. A fitar da risit ɗin da ya nuna cinikin bai yi ba a ba mai katin, domin akwai lamba mai alƙaluma 12 a jikinsa, RRN, wadda banki zai bi sawu da ita. In tiransifa ce, lambar Session ID mai alƙaluma 30 ake nema. Mai shago ya rubuta lokaci da adadin kuɗin a littafinsa, ya karɓi lambar wayar mai saye. Dattijuwar da ta zo cirar kuɗin cefane ba ta san RRN ba, haƙƙinta ne a zaunar da ita a yi mata bayani a hankali: "Hajiya, kuɗinki ba su ɓata ba, ki riƙe wannan takarda, in ba su dawo ba ki kai ta banki."

Sai kuma hattara da masu fakewa da wannan kalma. Wani zai nuna maka hoton tiransifa a wayarsa, ya ce netwok ne ya hana alat zuwa. Kada kaya su bar shago sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, ko kuma mutumin sananne ne da za ka iya rubuta masa bashi.