Azola: Tambayoyi Kan 'Yar Shukar Da Ke Shawagi A Kan Ruwa

Mece ce azola?

Wata 'yar shuka ce da ke shawagi a saman ruwa, faɗinta bai wuce farce ba, saiwoyinta sirara na reto a ƙasa kamar zare. Ba ta fure. Reshe ne ke ɓallewa ya zama sabuwar shuka. Nau'in Azolla pinnata shi aka fi gani a wurare masu zafi na Afirka da Asiya.

Me ya sa manoma ke sonta haka?

Sirrin yana cikin ganyenta. A wani ɗan gurbi na kowane ganye akwai ƙwayar halitta mai suna Anabaena azollae, wadda ke zuƙo naitirojin daga iska ta ba shukar. Wato azola tana tafe da takinta. Shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka shafe ɗaruruwan shekaru suna barinta ta rufe ruwan gona, daga baya su turbuɗe ta a laka ta ruɓe ta ciyar da shinkafar. Idan yanayi ya yi mata daɗi, cikin kwana 3 zuwa 5 takan ninka kanta.

Yaya ake noma ta?

A haƙa rami mara zurfi a shimfiɗa leda, a zuba 'yar ƙasa da ruɓaɓɓen kashin shanu, a sa ruwa kamar santimita 10 zuwa 15, sannan a watsa ɗanyar azola a matsayin iri. Abu biyu nake roƙon mai farawa kada ya yi wasa da su: inuwa da fosfaras, wani sinadarin taki da shuka ke buƙata. Azola ta fi jin daɗin zafin digiri 20 zuwa 30. Idan ka leƙa da safe ka ga koren ya fara komawa ja-ja, to, ko dai rana ta yi mata yawa ko fosfaras ya ƙare. A riƙa kwasa da rariya kullum, don cunkoso na sa ta ruɓe daga ƙasa.

Za ta wadatar da kaji da kifi?

A'a, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Busasshiyar azola na da furotin kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, amma ɗanyarta fiye da kashi 90 ruwa ne. Ƙari ce a kan abinci, ba madadinsa ba. A wanke ta warin kashi ya fita, a fara ba su kaɗan-kaɗan.

Tana da illa?

Idan ta kuɓuce ta shiga tafki, takan rufe shi ruf, haske da iska su kasa isa ga kifi. Hakan ya faru a Afirka ta Kudu da nau'in Azolla filiculoides, wanda asalinsa daga nahiyar Amurka yake, har sai da aka saki wani ƙwaro mai cinta a 1997 kafin aka shawo kanta. Don haka ragowar da aka kwasa ramin taki za a kai ta, kada a zubar a magudanar ruwa.