Kan koyil ɗin Tesla

Koyil ɗin Tesla na'ura ce mai ɗaga ƙarfin wutar lantarki sosai har ta fitar da tartsatsi. Kanta shi ne ƙarfen da ake ɗorawa a saman na'urar, inda wutar lantarki ke taruwa kafin ta fashe ta zama tartsatsi a cikin iska. Nikola Tesla ya ƙirƙiro na'urar a 1891, kuma hasumiyar da ya fara ginawa a Wardenclyffe, a jihar New York ta Amurka, a 1901, ita ma tana da ƙaton kai na ƙarfe, kafin a rushe ta a 1917. A yau masu haɗa na'urar a gida don sha'awa suna yawan gwaji a kan wannan ɓangare, domin yana da sauƙin sauyawa, kuma da an taɓa shi halin tartsatsin ke canzawa.

Yadda yake aiki

Na'urar tana da naɗin waya biyu: na farko gajere mai kaurin waya, na biyu dogo mai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe a jikin bututun roba. Wutar da ke cikin kowane naɗi tana kaɗawa, wato tana kai da komowa, kuma sai sun yi kaɗawa da sauri ɗaya wuta ke hawa sama da ƙarfi. Kan da ke bisa naɗi na biyu yana aiki ne a matsayin kapasita, wato ma'ajiyar caji, saboda haka girmansa na rage saurin kaɗawar. Idan aka ninka ma'ajiyar sau huɗu, saurin zai ragu zuwa rabi. Shi ya sa duk wanda ya sa babban kai dole ya matsar da maɗaurin naɗin farko, wato inda ake jona masa wuta, ya ƙara zagaye don saurin naɗin biyun ya sake zuwa ɗaya. Da yawa daga cikin masu cewa babban kai ya rage musu tartsatsi, wannan gyaran ne ba su yi ba.

Aiki na biyu ya shafi lanƙwasa. Busasshiyar iska na fashewa ne idan ƙarfin wuta ya kai kimanin bolt 30,000 a kowace santimita, kuma caji ya fi matsuwa a wuri mai tsini. Ƙusa na zubar da wutarta da wuri. Ƙwallon ƙarfe mai santsi kuwa, wanda daga tsakiyarsa zuwa bakinsa santimita 10 ne, zai iya riƙe kusan bolt 300,000 kafin ya saki, kuma ma'ajiyarsa ta kai pikofarad 11 (ma'aunin girman ma'ajiyar caji).

Ƙwallo ko gammo

Duk da haka, an fi son kai mai siffar gammo, zagayayye mai rami a tsakiya. Gammon yana rufe zagayen wayar da ke can sama, ya hana wuta ɓulla daga jikinsu ta ƙona fentin wayar, sannan yana tura tartsatsi gefe maimakon ya sauko ya bugi naɗin farko. Akwai kuma fa'idar da ƙwallo ba shi da ita: faɗin gammon ne ya fi ƙayyade yawan cajin da zai ɗauka, kaurinsa kuma ya ƙayyade lokacin da wuta za ta fashe, don haka ana iya gyara ɗaya a bar ɗaya.

Ƙaramin kai na fitar da gajerun tartsatsi masu yawa ta ko'ina. Wanda ya dace yakan tattara su ya zama dogo guda ɗaya mai yawo. Wanda ya fi ƙarfin na'urar ba ya fitar da komai, kuma nan ne haɗarin yake, domin wutar da ta rasa mafita takan bi jikin bututun ta lalata naɗin da aka sha wahalar yi. Maganin shi ne a manna ɗan guntun waya mai tsini a gefen gammon. Wasu na ɗora ƙaramin gammo a ƙarƙashin babba, wasu na ɗaga shi ko sauke shi kaɗan-kaɗan har su dace. Amma kai ba ya ƙirƙiro wuta. Lissafin da masu wannan sha'awa ke amfani da shi na nuna cewa na'ura mai cin wat 1,000 ba ta cika wuce tartsatsin mita ɗaya da 'yan kai ba, komai kyan kanta.

A Legas

Ga mai son haɗa na'urar a Legas, kayan haɗin ba su da wuyar samu. Ana samun kayan lantarki a kasuwar Alaba da ke Ojo, siririyar waya a wurin masu naɗin injin fanka da janareto, sauran kuma a hannun 'yan gwangwan, waɗanda da yawansu Hausawa ne. Ana yin gammo da bututun alminiyom mai lanƙwasuwa, ko a lulluɓe zoben roba da tef ɗin alminiyom a goge shi har ya kwanta. Kwanonin ƙarfe biyu da aka kifa wa juna suna ba da ƙwallo, sai dai a rufe bakin haɗin, in ba haka ba ta nan wuta za ta zube.

Laimar garin matsala ce ta gaske. Danshi na kwanciya a jikin bututu da katako ya buɗe wa wuta hanya, iskar teku mai gishiri kuma na cin ƙarfe. Hunturu na kawo bushewa, amma da ƙura. Haka nan wutar Najeriya bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka taransfomar gwanjo da aka ƙera wa Amurka, mai bolt 120 da juyi 60, ba a jona ta kai tsaye.

Haɗari

Tartsatsin saman ba ya yin zafin da ya kai ɓarnarsa, domin jijiyoyi ba sa jin wuta mai saurin kaɗawa sosai, amma tana ƙona nama. Abin da ya fi kisa yana ƙasa: taransfomar na'urar ɗumama abinci (maikirowef), da wasu ke haɗa koyil ɗin da ita, na ba da kusan bolt 2,000 da ƙarfin da zai tsayar da zuciya, kapasitar da ke haɗe da naɗin farko kuma na riƙe caji bayan an kashe wuta. Na'urar na buƙatar nata sandan ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don zubar da wuta, daban da na gida, tana fitar da iskar ozon mai cutar da huhu, tana kuma iya lalata wayar salula, talabijin da na'urar daidaita bugun zuciya. Gidan haya mai cunkoso a Agege ko Idi-Araba, mai rufin kwano, da jarkar fetur a lungu da yara a tsakar gida, ba wurin kunna ta ba ne.