Fistol a akwatin gado: me doka ta ce?

Wani maƙwabcinmu a nan Sakkwato ya rasa mahaifinsa, tsohon soja. Ranar da suka buɗe akwatin ƙarfen marigayin don rabon gado, sai ga ƙaramar bindiga naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin takardun fansho, har tsatsa ta fara cin ta. Ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Malam, so nake in ajiye ta don tunawa da Baba. Ina ake yankar lasisi?" Na ji nauyin amsar, amma na faɗa masa gaskiya: babu ofishin da zai ba shi wannan takarda a duk faɗin jihar nan.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba, ƙananan bindigogin hannu, suna sahun farko, wato makaman da aka haramta, layi ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti da bindigogin soja. Sashe na 3 ya ce ba mai riƙe irinsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, shi ma sai in ya ga dama. DPO ba shi da wannan iko, kwamishinan 'yan sanda ba shi da shi, gwamna ma haka, domin tsarin mulkin 1999 ya sa batun makamai da harsasai a hannun gwamnatin tarayya kaɗai. Shi ya sa a watan Yunin 2022, da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, 'yan sanda suka ce ba su bayar da lasisi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga haramci. Dokar ta ambaci har tsohuwar fistol mai tashi da dutsen ƙanƙara da sunanta. Mai sha'awar tara kayan tarihi, da wanda ya gāji ta kaka da kakanni, duk hukuncinsu ɗaya da wanda ya sayo sabuwa. A Amurka kundin tsarin mulki ne ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami; mu a nan dokar ta faɗa ƙarara cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne.

Sahu na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce an dakatar da ba da sababbin lasisi. Na uku ita ce bindigar toka ta mafarauta, wadda kwamishinan 'yan sandan jiha ke iya wajabta wa lasisi.

Na san abin da ke tura mutane ga neman bindiga. Wanda ya kwana a Isa ko Sabon Birni yana jin harbi a bayan gari ba ya buƙatar a yi masa wa'azi. Amma fistol marar lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ke bin ta, kuma cewa "ban taɓa harba ta ba" ba ya wanke mutum, tunda riƙewar kanta ita ce laifin. Iyalin da maigidansu ya tafi gidan yari shekara goma, wa zai tsare su?

Game da gado kuwa, in mamaci yana da lasisi, doka ta ba magada kwana 14 bayan rasuwarsa su riƙe bindigar. Lasisin ba ya bin gado kamar gona. Maƙwabcina bai ga wata takarda a akwatin ba. Na ce kada ya sa ta aljihu ya kama hanya, don a shingen bincike ba wanda zai saurari labarin gado. Washegari ya tafi da lauya da mai unguwa suka sanar da 'yan sanda a rubuce, aka zo gida aka ɗauke ta, ya karɓi takardar shaidar miƙawa. Lambar yabon Baban da hotonsa cikin kaki su ya rataye a falo.