Ma'anar VAWA: dokar da ta ba wadda ake cin zarafinta damar neman takardun zama a Amurka da kanta

VAWA gajeren suna ne na dokar yaƙi da cin zarafin mata da Shugaba Bill Clinton ya sanya wa hannu a shekarar 1994. A bakin lauyoyin shige da fice kuwa, idan aka ce VAWA ana nufin wani sashe nata da ya shafi baƙi.

A bisa ƙa'ida, ɗan ƙasar Amurka ko mai katin zama na dindindin shi ne ke shigar wa matarsa baƙuwa da takardu, kuma yana iya janye su. Wannan ikon ne wasu mazan suka mayar da shi makami: ya doke ta, ya ɓoye fasfonta, sannan ya ce idan ta buɗe baki zai sa a tasa ƙeyarta zuwa gida. Dokar ta karɓe wannan makami daga hannunsa, domin matar na iya cike fom mai lamba I-360 ta aika wa USCIS, wato hukumar kula da shige da fice da ba da shaidar zama ɗan ƙasa ta Amurka, ba tare da saninsa ko sa hannunsa ba, kuma an haramta wa hukumar sanar da shi. Wannan sirrin, a ganina, shi ne ƙashin bayan dokar, tunda wasu masu nema suna kwana ne a gida ɗaya da wanda suke tsoro.

Ana buƙatar ta nuna cewa auren na gaskiya ne ba na neman takarda ba, cewa sun zauna tare, cewa tana da kyakkyawan hali, kuma an doke ta ko an yi mata muguwar muzgunawa. Ba dole ne sai da rahoton 'yan sanda ba. Bayaninta a rubuce, takardar asibiti, saƙonnin barazana a waya da shaidar maƙwabta duk ana dubawa. Wadda aurenta ya mutu sanadin cin zarafin tana da wa'adin shekara 2 daga mutuwar auren ta shigar da buƙatarta.

Duk da sunanta, dokar ta haɗa da maza, da 'ya'ya, da iyayen da ɗansu ko 'yarsu mai shaidar ɗan ƙasa ke cutarwa. Idan mai laifin ba shi da takardun zama, sai a duba bizar U, wadda ke buƙatar shaidar taimaka wa jami'an tsaro, kuma guda 10,000 kawai ake bayarwa a shekara, abin da ya sa jiranta ke kai shekaru.