Mil nawa ne daga Singafo zuwa New York, kuma wane mil?

Duk lokacin da aka zo labarin tafiyar jirgin sama mafi tsawo a duniya, sai ka ji "mil kaza, mil kaza" a rediyo. Wannan tasha ta ce mil 9,537, waccan ta ce mil 8,288. Mai saurare sai ya ɗauka wani ne ya shara ƙarya, alhali dukansu tazara guda suke nufi, kimanin kilomita 15,349 tsakanin filin jirgin Changi na Singafo da na JFK a New York, wadda jirgin Airbus A350 na kamfanin Singapore Airlines ke cinyewa a cikin awa 18 zuwa 19 ba tare da ya yada zango ba.

Mil iri biyu ne. Na ƙasa, wanda ake gani a allunan titin Amurka da Ingila, mita 1,609 ne da 'yan kai, kuma sunan ya samo asali ne daga Latin, "mille passus", wato taku dubu na sojan Rum. Mil ɗin teku kuwa mita 1,852 ne cif, kamar yadda aka tsayar a wani taro a Monako a 1929, kuma da shi matuƙa jiragen ruwa da na sama ke aiki.

A ganina na teku ya fi ma'ana, don daga jikin duniya aka yanko shi. Daga layin da ya raba duniya biyu zuwa ƙuryar arewa digiri 90 ne, kowane digiri an kasa shi 60, kuma kowane kaso ɗaya kusan mil ɗin teku guda ne. Matuƙi na duban taswira ya san tazararsa ba sai ya yi dogon lissafi ba. Na ƙasa kuwa gadon ƙafar sojan da ya mutu tun tuni ne.

Inda abin ke ɓaci shi ne wajen juyawa zuwa kilomita. Mai fassarar labari ya ga 8,288, bai lura na teku ba ne, sai ya ninka da 1.6 ya samu kilomita 13,000 da ɗoriya. Ya zubar da kusan kilomita 2,000 ke nan. Da 1.852 ya kamata ya ninka.

Sannan ita kanta lambar gajeriyar hanya ce a kan doron duniya, irin wadda za ka samu in ka ja zare tsakanin biranen biyu a jikin ƙwallo. Jirgin ba lallai ya bi ta ba. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa sau da yawa yakan tafi ta saman tekun Pasifik, ya komo ta Atlantika da Turai, ya ƙara kilomita amma ya rage mai da lokaci.