Waiwaye: Asalin Gardamar Sauri da Rarraba Iko a Tsarin Bulokcen

Tun da Bitcoin, kuɗin intanet da ke tafiya a kan bulokcen (kundin mu'amaloli da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa), ya fara aiki a Janairun 2009, tsarinsa bai ba da damar ɗaukar hada-hada mai yawa ba. Kusan duk minti 10 ake fitar da bulo ɗaya, wato ƙunshin mu'amaloli da ake ƙarawa a kundin, a 2010 kuma Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro shi, ya ƙayyade girmansa a megabait 1. In an lissafa, mu'amala kusan 7 ke nan a daƙiƙa. A lokacin babu wanda ya damu, don masu amfani da shi ba su taka kara sun karya ba.

Da jama'a suka yi yawa sai rigima ta ɓarke, daga 2015 har 2017. Su Gavin Andresen da Mike Hearn, masu rubuta manhajar Bitcoin, suka ce a faɗaɗa bulon, kowa ya samu wuri. Ɗaya ɓangaren suka ƙi, kuma hujjarsu ce ta fi gamsar da ni. Kowace kwamfutar tantancewa tana sauke tarihin kundin tun daga bulon farko, ta duba kowace mu'amala da kanta, ba ta yarda da maganar kowa. In bulo ya ƙara girma, sai ma'ajiyar bayanai da ƙarfin intanet da ake buƙata su ƙaru, mai ƙaramar kwamfuta ya haƙura, aikin ya koma hannun 'yan tsirarun kamfanoni. To in haka ta faru, me ya bambanta shi da banki? Ƙarshenta aka raba gari: ranar 1 ga Agusta 2017 Bitcoin Cash ya ɓalle da bulo mai megabait 8, Bitcoin kuwa ya karɓi gyaran SegWit, wanda ya ƙara wa bulon ɗan sarari, ya sa ran Lightning, tsarin biyan kuɗi a wajen babban kundin, zai ɗauke masa ƙananan biye-biye.

Ethereum, wani bulokcen da ya fito a 2015, shi ma ya sha tasa. A Disambar 2017 wasan CryptoKitties kaɗai ya cunkushe shi, kuɗin caji ya tashi. Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya yaɗa ra'ayin cewa tsaro da sauri da rarraba iko suna da wuyar haɗuwa a tsari ɗaya.

Waɗanda suka biyo baya sun zaɓi sauri ƙiri-ƙiri. EOS ya fito a 2018 da masu haɗa bulo 21 kacal. Solana, daga 2020, yana gudanar da dubban mu'amaloli a daƙiƙa, sai dai injin tantancewarsa ba na talaka ba ne, kuma a Satumbar 2021 ya tsaya cak na kusan awa 17, sai da masu tantancewa suka haɗa kai suka tayar da shi.

Mutane da yawa sun ɗauka sauyin da Ethereum ya yi ranar 15 ga Satumba 2022, lokacin da ya daina haƙa (gasar lissafi da kwamfutoci ke yi don fitar da bulo) ya koma tsarin da masu tantancewa ke jinginar da kuɗinsu, zai ƙara masa gudu. Wutar lantarki ya rage da sama da kashi 99 cikin 100, gudun kuwa kusan yana nan yadda yake. Nauyin ya koma kan hawa na biyu, wato tsare-tsaren da aka ɗora a kan Ethereum, irin su Arbitrum da Optimism da Base, masu tattara mu'amaloli su aika wa Ethereum a dunƙule. Gyaran Dencun da aka yi wa Ethereum a Maris 2024 ya sauƙaƙa musu caji ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne, a yawancinsu kamfani ɗaya ne ke riƙe da kwamfutar da ke jera mu'amaloli, kuma in ta tsaya, masu amfani sai dai su jira ko su bi doguwar hanya ta Ethereum ɗin kansa.